Turmin Tabar Kakata

Ni ban shiga makarantar da ake koyon lissafin shekaru da lamba ba, amma ba wanda ya taɓa kama ni da kuskuren lokaci. A shekarar da ruwan sama ya sauko wa Jidda da fushi har ya ɗauke rufin ɗakinmu ya kifa shi a kan akurkin kajin maƙwabtanmu su Rabi, shekara guda ke nan bayan rasuwar babana, saura biyu a kafa famfo a bakin unguwarmu ta Mahjar, a wannan shekarar ce na fara ganin kakata ta tofar da taba tun ba ta gama ɗanɗana ta ba. Wata Talata ce da hantsi, ƙasa ba ta gama bushewa ba, tabarminmu na shanye a kan igiya suna warin laka. Ina tsugune gabanta da rariya a cinyata. Ta ɗebo garin da yatsu biyu kamar kullum, ta tura shi a kuncinta na hagu, ta lumshe ido. Sai na ga fuskarta ta yamutse kamar ta wanda ya taka ƙusa, ta juya ta tofar a bayan turmi, ta ja mayafi ta rufe gefen bakinta. Da ta ga na zuba mata ido sai ta ce, “Ke uwar ɗakina, tankaɗe na sa ki ko kallona?” Haka take kira na, uwar ɗakinta, don tsokana. Shekaruna tara a lokacin.

Kakata, Hajja Dije, daga Damagaram ta taso da ƙafa, ita da ɗanta da matarsa, wato babana da Innata. Shekara huɗu suka yi a hanya, su yi ƙodagon noma a nan, su yi tsinkar auduga a can, ni kuwa a gaɓar teku ta wancan ƙetaren, a Sudan, aka haife ni, suna jiran jirgin ruwa. Cikin duk kayan da suka fito da su daga gida, abu ɗaya ne ya iso Jidda, wani ƙaramin turmi na ƙirya da Kaka ta ɗauko a ka. Suka sauke farali, suka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya musu. Gidajenmu na lokacin da katakon akwati aka yi su, da gwangwanayen kananzir da aka farke aka miƙe. In rana ta take, bango ba ya taɓuwa. Ruwa sai mai jaki ya zagayo da ganga. Babana dako yake yi a mina, tashar jiragen ruwa, har zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana shida. Inna tana fita tun duku-duku wanki a wani gidan Larabawa cikin gari, abin da take samu ba ya wuce na ruwa da kananzir. Saboda haka turmin nan shi ne namijin gidanmu. In ya yi ƙara mun ci, in ya yi shiru mun kwana da shayi.

Garin taba Kaka ke dakawa, irin wanda ake cusawa a baki, mutanen nan suna ce masa shamma. Ganyen daga wurin wani Bayamane take saro shi a kasuwar Bab Makka, kanwa kuwa alhazan ƙasarmu ke kawo mata tsaraba duk shekara, don ta ce kanwar da ba ta gida ba ba ta da ladabi. Za ta ɗan ɗumama ganyen a kasko har ya yi ƙamas, ta murmushe, ta daka, ni in tankaɗe, tsakin ya koma turmi. Sannan a niƙa kanwa a kan dutse, a haɗa, a ɗiga man shanu kaɗan don kada garin ya tashi. Duk wannan kowace mace za ta iya. Abin da ya raba Kaka da sauran shi ne ɗanɗano. In ta tura garin a kuncin hagu ta rufe ido, gidan kan yi tsit, ko kaza ce ta yi motsi sai na kore ta. Can sai ta buɗe ido ta ce a ƙara kanwa, ko ta ce “Halas,” wato shi ke nan, a kwashe. Sau biyar, sau shida a daka ɗaya, kullum ta Allah, ban da wadda take ajiyewa a wurin don jin daɗin kanta daga safe har magariba. Takan buga ƙirji ta ce, “Bayamane yana da sikeli, ni ina da bakina.”

Ni fa ba abin da nake so a duniya kamar ranar da za a ce in ɗanɗana. In mun fita wasa da Rabi, ƙawata ta gidan da ke jikin namu, sauran yara suna carafke da tsakuwa, suna gaɗa a filin da ake ɗaure jakuna, mu kuwa sai mu sami gwangwanin tumatir mu daka busasshen ganyen magarya da toka, in zauna in harɗe ƙafa, in lumshe ido, in ce “Halas” da muryar Kaka, Rabi tana faɗuwa don dariya. Da na roƙi Kaka sai ta ce bakina bai nuna ba tukuna, amma turmin nawa ne in ta kau, ba ta da wata magajiya.

Dole in faɗa muku yadda muka ɗauki taba, don kada ku yi wa matar nan mummunan zato. A wurinmu magani ce. Ɗan dako zai ɗauki buhu tun safe da cikin da ba komai, taba ce ke kashe masa yunwa. Haƙori ya yi wa yaro ciwo, uwarsa za ta riƙo hannunsa ta kawo shi gidanmu, Kaka ta yi bisimilla ta danna masa ɗan gari a kogon haƙorin, ba ta karɓar ko sisi, sadaka take yi. Yaron zai yi shiru, uwar ta tafi tana sa albarka. To da wani farin tabo ya fito mata a cikin kuncin hagu, ya zauna, ya tsage ya zama miki, me kuke zaton za ta sa masa? Ta zaɓi mafi laushin garinta, wanda na tankaɗe sau uku da ƙyallen mayafi, ta riƙa cika mikin da shi safe da yamma. Yakan yi mata zafi har hawaye, sannan wurin ya mutu, ta sami sauƙin yin sallah. Sai ta ce, “Kin gani? Yana cin ciwon.”

Asibiti akwai a garin, ba na ce babu ba. Uwar ɗakin Inna, Balarabiyar da take yi wa wanki, in ta yi tari sau biyu mota ke zuwa ta kai ta. Mu kuwa ƙofar asibiti ƙofar tambaya ce, kuma tambayar farko ita ce takarda. Kowa a unguwa yana da labarin wance da ta fita neman magani aka gan ta ba iƙama, aka sa ta a jirgi, ’ya’yanta suna nan suna jiran ta dawo da burodi. Ko gaskiya ne ko ƙari ne, mun yarda da shi. Duk lokacin da Inna ta ɗauko maganar, Kaka takan ce, “Ban tako Sudan da ƙafata don a mai da ni kyauta ba. In aka tafi da ni, wa zai daka muku?” Maganar ta mutu a nan.

Kafin azumi ya kama, ɗanɗanon ya fara kuɓuce mata. Masu saye suka fara gunaguni. Akwai wani Abbakar Dogo, mutumin Chadi, abokin dakon babana, wanda ba ya wuce ƙofarmu bai tsokane ta ba. Ran nan ya leƙo ya ce, “Hajja, jiya tabarki ta yi sanyi kamar ruwan randa, yau kuma ta saɓule mini leɓe. Ko sabon miji kika samu ya ɗauke miki hankali?” Ta jefe shi da muciya tana dariya ta bayan mayafi, amma da ya tafi ta daɗe tana kallon cikin turmin. Na ga mutum biyu, uku sun daina zuwa. Na ga tuwonmu yana raguwa a kwano.

Nan ne na yanke shawarata, ni kaɗai. Da Kaka ta shiga sallar walha, na ɗebi garin da yatsu biyu na zaga bayan gangar ruwa, na tura a kuncina na hagu, daidai inda take sa nata. Wayyo. Ƙasa ta juya ta koma sama, gumi ya karyo mini, na amayar da kokon safe har da na jiya. Rabi ce ta same ni kwance, ta yi ta yi mini fifita da murfin kwano tana cewa, “Kulu, wallahi in kika mutu ni ban san ki ba.” Ban mutu ba. Washegari na sake, jibi na sake. Cikin mako biyu jirin ya daina, harshena ya fara rarrabe wadda kanwa ta yi wa yawa da wadda ta yi lami. Daga nan duk dakan da Kaka ta ce “Halas,” in ta juya baya sai in ɗanɗana in gyara, in ƙara kanwa ko in ƙara ganye. Masu saye suka dawo. Abbakar Dogo ya ce sabon mijin ya sake ta ke nan. Kaka ta ɗauka bakinta ne ya warware, har ta ce da Inna, “Ba na gaya miki ba?” Ni kuwa ina jin kaina kamar wadda ta ɗauki gidan a ka. Abin da ban gaya wa ko Rabi ba shi ne, na kai in ban sa ba sai in ji raina yana ɓaci, na fara ɓoye ɗan ƙulli a bakin zanena.

Bayan ƙaramar sallah mikin ya fara wari, Kaka ta daina cin tuwo sai koko. Inna ta je ta roƙo wani Basudane da ke zaune a ƙarshen unguwa, tamarji ne, wato mai taimakon likita, wanda kan duba irinmu a gida in ya taso daga aiki. Ya iya Hausa, don ya tashi cikin mutanenmu a can ƙasarsu. Ya zo wata Juma’a bayan la’asar. Ya fito da Kaka tsakar gida inda akwai haske, ya danne harshenta da bayan cokali, ya daɗe yana dubawa, ya taɓa ƙarƙashin haɓarta. Sannan ya tambaye ta a ina take ajiye tabarta a baki. Ta nuna wurin da alfahari ta ce nan ne ɗakinta, shekara arba’in. Ya ce, “Ya Hajja, ita ce ta ci wurin.” Kaka ta ce a’a, ai ita ce maganin, ta lissafa masa yaran da ta warkar. Bai yi musu da ita ba. Ya ce tabar tana kashe zafi ne kawai, ciwon kuwa tana ciyar da shi. Ya ce yana tsoron ciwon daji ne, sai an kai ta babban asibiti, kuma da tun yana farin tabo aka zo, da maganar ta fi haka sauƙi. Ya ce daga yau kada ta sake sa ko ƙwayar gari a bakin nan.

Kaka ba mutuwa ta tambaya ba. Cewa ta yi, “To wa zai ɗanɗana?”

Ni kuma ina tsaye jikin ƙofa, zuciyata ta ce yau ce ranata. Na matso na dafa gwiwarta na ce, “Kaka, kada ki damu, ai na iya. Wata biyu ke nan ni nake gyarawa. Kin ga.” Na buɗe baki na nuna mata, don a lokacin ma akwai ɗan gari a kuncina na hagu.

Na zaci za ta rungume ni. Inna ta ɗora hannu a ka. Kaka kuwa ta kama haɓata da hannu ɗaya, ta zura yatsa cikin bakina ta ƙwaƙulo garin, ta sake zurawa, ta sake, har ta tabbata ba saura. Ta ce a miƙo buta. Ta wanke mini baki da hannunta kamar na jaririya, in kurkure in zubar, in kurkure in zubar, ta goge dasashina da gefen zanenta. Sannan ta juya ni wajen haske ta ce da tamarjin, “Duba mini nata.”  Ya duba ya ce lafiya lau, wurin ya ɗan yi ja ne kawai, zai koma in an bari. Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta kwantar da kaina a ƙirjinta ta ce, “Uwar ɗakina, turmi na ce zan bar miki. Ban ce har da wannan ba.”

Da safe masu saye suka taru kamar kullum, suka tarar da turmin a kife. Kaka na zaune a kan tabarma, ta sauke mayafin da ta yi watanni tana rufe fuska da shi. Matar da ba ta yarda ko Inna ta ga bakinta ba, ranar duk wanda ya zo sai ta ce ya matso, ta buɗe masa. Abbakar Dogo ya shigo da tsokanarsa a baki, ya leƙa, tsokanar ta tsaya masa a wuya. Ta ce da shi, “Dogo, na sayar maka shekara tara, ban san abin da nake sayarwa ba. Ka yafe mini.” Ya ciro ’yar battar tabarsa daga aljihu ya juye a ƙasa, ya taka. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya bari ba. Da yawa sun yi mata sannu, suka wuce wurin wata mai taba. Amma iyaye mata sun daina kawo yara a sa musu a haƙori, don da kanta ta bi gida gida, tana dafe da kafaɗata, tana gaya musu.

Tare muka bar taba, ni da ita, kuma ba da sauƙi ba. Ni ta wata biyu ce amma na yi mako ina kuka ba dalili. Ita ta shekara arba’in, yatsunta kan tafi neman batta da kansu. Ta sayo kanumfari ta ƙulle mini a bakin zane, daidai inda nake ɓoye garin, ta ce in abin ya taso in tauna ɗaya in zo in zauna kusa da ita. Haka za mu zauna a inuwar ganga, ni ina tauna kanumfari, ita tana jan carbi, kowa yana gadin ɗan’uwansa. In ta gan ni na nufi bayan ɗaki sai ta ce, “Ina zuwa, Hajiya?” In na ga hannunta yana lalube ƙarƙashin tabarma sai in ce, “Me ya ɓace, Kaka?” Sai mu yi dariya, tata rabin baki.

Saura cikinmu. Kwana tara turmin na kife, muna shan shayi da busasshen burodi. A na goma ta ce in ɗauko shi. Muka kai shi bakin teku, ni da Rabi muka dirje shi da yashi da ruwan gishiri, muka dawo aka cika shi da toka da lemun tsami ya kwana uku. Ta sa aka sayo ƙuli-ƙuli, barkono, citta, masoro da kimba, ta ce yaji za mu daka wa masu gasa tsire. Dakan farko da na biyu duk warin taba suke, ta ce a zubar, Inna tana kallo kamar ta yi kuka. A na uku ƙamshin ya fito tsab. Kaka ta ɗebo da yatsu biyu, ta kai kusa da bakinta don sabo, ta tsaya. Sannan ta miƙo mini ta ce, “Yalla, karɓi, bakinki ya nuna.” Na harɗe ƙafa, na lumshe ido, gidan ya yi tsit. Na ce a ƙara gishiri. Aka ƙara. Na sake ɗanɗanawa na ce, “Halas.” Ta ce da Inna, “Kin ji muryata a bakin yarinyar nan?”

Daga baya mijin uwar ɗakin Inna ya tsaya mata aka kai ta asibiti. Ba wanda ya sa ta a jirgi. Sun karɓe ta da mutunci, sun yi abin da za su iya, amma sun ce an makara. Ta rasu kafin alhazai su fara sauka, kanwar tsarabarta ta iso ba mai karɓa.

Yanzu ina unguwar Waziriyya, cikin gidan siminti mai na’urar sanyaya ɗaki, da iƙamata a jaka. Yajin nan na aurar da ’ya’ya da shi, kuma duk mai tsiren da ya san aikinsa a kudancin garin nan ya san yajin Hajja Kulu. Jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. Ɗakunan gwangwani sun tafi, jakuna sun tafi, amma taba ba ta tafi ba, kaya ta sake. Tana nan a ’yan ledoji, tana nan a shisha, har da wata da yara ke zuƙa mai ƙamshin alawa. Tsoron ma bai tafi ba. Har gobe akwai matar da za ta rufe miki da mayafi don ba ta da takarda, ta jira sai ruwa ya ƙi wuce maƙogwaronta. Shi ya sa duk wanda ya zo sayen yaji na ga kuncinsa a kumbure, babba ne ko yaro, sai na ce ya buɗe baki in gani. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, ban damu ba. In na ga tabon da ya wuce mako biyu, ba na barin mutum sai jikana ya sa shi a mota mun nemi inda za a duba shi. Kanumfari kuwa kyauta nake ba da shi.

Cikin waɗanda suka ga turmin nan a kife, Inna ta tafi, tamarjin ya koma ƙasarsu tun da daɗewa, Abbakar Dogo ya rasu da furfura da haƙoransa cif. Saura Rabi, tana unguwar Madain Fahd wurin ɗanta, ba ta ji sosai, amma in na ce mata “Halas” har yanzu sai ta yi dariya. Sai ni. Sai turmin, ya tsage a gefe an ɗaure shi da waya. Kowace safiya in na kai yatsu biyu bakina, ina jin yatsan Kaka ya riga ni shiga.